A Gindin Dogon Yaro, Bakin Arfa

Sai da muka kwana huɗu a Makka sannan na gane bizar da ke cikin paspor ɗinmu ba ta aikin Hajji ba ce, ta ziyara ce. Mutumin da ya shirya mana tafiyar, wani mai ajans, wato ofishin shirya tafiye-tafiye, a Zango mai yawan murmushi da dogon carbi, ya rantse mini duk ɗaya ne, wai muna sauka yaransa za su tarbe mu da mota da tanti da abinci. Wanda ya tarbe mu ɗin ya kai mu wani tsohon gida a bayan duwatsu, ya nuna mana ɗaki, ya ce bari ya je ya dawo. Har yau bai dawo ba. Lambar mai ajans kuwa na kira ta har na haddace muryar matar da ke cewa ba a samunsa.

Sunana Lawali, tela ne ni. Shekara ashirin da ƴan kai ina zaune a kan keke a Damagaram, tafiyata mafi tsawo daga shago zuwa masallaci ce, ita ma in rana ta yi zafi kabu-kabu nake tsayarwa. Tare nake da mahaifiyata, Iya, wadda ke zaune a ƙauyenmu can ƙasar Guna. Ni ne ɗanta na fari, kuma Iya mutuniyar zamanin da ce, ta riƙe alkunyar ɗan fari yadda ta gada. Ana yaye ni aka kai ni ɗakin kakata. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In muna tare, "kai" ne. In za ta aiko ƙanena, sai ta ce, "Ka ce wa wancan na birni." Ba ta cin abinci a gabana, ba ta kai mini ƙorafi ko da ciwo zai kashe ta. Ina yaro abin yana ci mini rai, da na girma sai na saba, ko kuma na ce na saba. Burina ɗaya a wannan tafiya, in tsayar da ita a Arfa. Malaminmu ya sha faɗa mana wanda bai tsaya a Arfa ba bai yi Hajji ba, ita kuwa ta haura saba'in, ni da ita mun san babu zuwa na biyu.

A gidan muka tarar da Alhaji Sabo, wani Bakano mai sayar da atamfa a kasuwar garinmu, shi ma mai ajans ɗin nan ne ya yi masa irin tamu. Amma shi ya taɓa zuwa, ya san gari. Shi ya zaunar da ni ya yi mini bayani.

"Malam Lawali, tun da ba mu da tasarihi, takardar izinin shiga wuraren aiki, babu motar da za ta ɗauke mu, babu tantin da za a bar mu mu shiga. In askarawa suka tare mu, baya za su mai da mu. Ƙafa ce motarmu. Tsohuwa za ta iya?"

Iya na daga ƙofa tana ji. Ba ta dube ni ba, shi ta amsa wa.

"Alhaji, ni kar ka ji ni. Wannan za ka tambaya."

Kuma gaskiyarta. Kullum kafin asuba muke fita zuwa Harami, mu bi lunguna, mu hau tudu mu gangara, mu wuni can, mu dawo bayan isha'i. Iya ta yi rayuwarta tana kai gyaɗa da kuka kasuwar Miriya a ƙafa, kaya a kai, saboda haka da Miriya take auna kowace tafiya. Ranar farko da muka iso ta ce, "Yo wannan ai rabin Miriya ne." Ni kuwa a lokacin cinyoyina sun goge, ƙafafuna sun kumbura, ina tafe ina buɗa su kamar wanda aka yi wa kaciya. Sai ta yi gaba, ta tsaya, ta waiwayo ta ce wa Sabo, "Alhaji, ku ce wa wannan ya ɗaga ƙafa." Alhali ga ni nan kusa da ita, tana jin nishina. Haushi ya kama ni, dariya ma ta kama ni.

Ranar takwas ga wata muka ɗaura harami muka nufi Mina. Ni da na ƙare rayuwata ina ɗinka wa mutane riguna, ga ni da ƙyalle biyu ba ɗinki ba aljihu, na ƙasa yana zamewa daga tumbina duk taku goma. Muka bi ta cikin wani dogon rami da aka fasa a dutse, manyan fankoki na ruri a sama, mutane na Labbaika da harsuna iri-iri. Muna fita muka ci karo da shingen askarawa, suna duba takarda. Sabo ya ja hannuna muka juya kamar mun yi mantuwa. Muka zaga ta wata hanya, can ma shinge. Muka sake zagawa. Tafiyar da ya ce za mu gama kafin hantsi, sai bayan la'asar muka ga fararen tantunan Mina, waɗanda babu namu a ciki.

A wannan zagayen ne maɗaurin silifan Iya ya goge mata tsakanin yatsu. Na ga ta sunkuya ta cire su, ta ƙulle a gefen mayafinta, ta ci gaba ba takalmi. Na gani da idona, ban ce komai ba. Haka na saba ganinta, a gida in tafiya ta yi nisa takalmi a hannu ake riƙewa, ƙafa ta taka rairayi. Ban tuna cewa nan ba rairayi ba ne, kwalta ce, wadda rana ta dafa tun safe. Ita ma ba ta ce uffan ba. Da Sabo ne ɗanta, ko ƙanena, da ta ce wayyo.

Ƙarƙashin wata gada muka zauna, mu da ire-irenmu marasa takarda, kowa ya shimfiɗa kwali. Wani dattijo Baturke ya miƙo mana dabino da busasshiyar gurasa, ya dafa ƙirji, muka dafa namu, iyakar hirar ke nan. Iya ta juya mini baya kafin ta ci. Can sai na ji tana tambayar Sabo ko yana ganin an yi ruwan shuka a gida, don ta bar irin geronta a tukunya, ba ta yarda da yadda yaran za su zuba shi a rami ba. Sai kewar gida ta taso mini, har ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko na ji a hancina, a wurin da babu abin da ke tashi sai hayaƙin motoci. Na tambaye ta yau Miriya nawa muka yi. Ta ce wa gada, "Ɗaya da ɗoriya."

Washegari ita ce ranar Arfa. Muna idar da sallar asuba muka kama hanyar masu ƙafa. Ban taɓa ganin mutane haka ba, ban kuma taɓa jin rana irin wannan ba, ni da aka haifa a Damagaram. Tun hantsi iska ta zama kamar hucin tanderu. Sabo ya tsaya gyara haraminsa, taro ya raba mu, ban sake ganinsa ba sai a filin jirgi. Wayata ta yi zafi ta mutu. A gefen hanya mutane ne kwance, wasu ana yi musu fifita, wasu an ja mayafin haraminsu an rufe musu fuska. Na riƙa shiga tsakanin Iya da su don kar ta gani, ita kuma na san ta gani.

Sai na lura yau ni ne a gaba. Na rage sauri, ta rage. Na tsaya, ta iso tana taka gefen ƙafa. Wajen azahar ta zauna a bakin hanya ba tare da ta ce za ta zauna ba. Na durƙusa na kama ƙafarta, ta janye, na riƙe da ƙarfi na juya. Tafin ya yi bororo ya fashe, fata ta saɓule, jan nama a fili, ƙananan tsakuwa sun manne a ciki. Ɗayar ma haka. Da wannan ƙafar ta biyo ni tun asuba.

"Iya, tun yaushe?"

Ta dubi wani wuri. "Ba komai. Ƙishi dai nake ji."

Gorunanmu biyu babu ko ɗigo. Na ɗaga kai sai ga dogon yaro a gefen hanya, irin na ƙofar gidanmu sak, har na ji kamar na haɗu da ɗan garinmu. Na ja ta zuwa inuwarsa. Can gaba na hango wata babbar mota ana raba ruwa. Na dubi itacen da kyau yadda ake yi a gida, inda kowane itace da kamanninsa da sunansa, a ce maka mu haɗu a gawon Malam ko tsamiyar mahauta kuma ba za ka ɓata ba. Na ga yana da reshe ɗaya da ya karkata gabas, kusa da shi akwai ƙarfe mai fesa ruwa. Na ce shi ke nan, na riƙe.

"Iya, kar ki motsa daga nan. Ko wa ya ce ki tashi, kar ki tashi. Yanzu zan dawo."

Ta gyaɗa kai.

Na samu ruwan, bayan an tattake ni. Na juyo ke nan wani askari ya tare ni da hannu. Hanyar ta masu shiga ce kawai, ba a komawa. Na yi masa Hausa, na yi masa ɗan Faransancin da na tsinta a lakwal, makarantar boko, na nuna baya ina cewa ummi, ummi. Yaro ne matashi, gumi ya jiƙe masa kaki, muryarsa ta dushe. Ya fesa mini ruwa a fuska daga wata ƴar gora, ya dafa kafaɗata, ya nuna gaba. Ba mugu ba ne, amma da na sami dutse a lokacin ban san abin da zan yi ba. Taro ya tura ni, na tafi inda ban yi niyya ba, ina waiwaye har na daina ganin wurin.

Da na samu na fice ta gefe na zago, sai na duba. Dogon yaro ne layi-layi iyakar ganina, duk tsawonsu ɗaya, an shuka su rana ɗaya, kowanne da reshen da ya karkata gabas, kowanne da ƙarfensa mai fesa ruwa. Hanyoyin ma ba ɗaya ba ce, jere suke kamar kunyoyin gona. Ƙarƙashin kowane itace akwai tsohuwa baƙa da farin mayafi. Na ƙwala kira, "Iya!" Tsofaffi goma suka waiwayo, babu tawa.

Ina cikin haka na ji wani yana Hausa, wani malami daga Gana. Na riƙe shi na faɗa masa. Ya nuna mini wani ƙaton allo rawaya a kan ƙarafa, ya ce wannan shi ne iyaka, nan cikin Arfa ne, bayansa ba Arfa ba ne. Ya tambaye ni ta wane gefe na bar ta. Sai na tuna sarai, bayan na bar ta ne na wuce ƙarƙashin irin wannan allon, dab da motar ruwa. Ashe a waje na ajiye ta. Na kawo ta tun daga Guna, ta taka wuta da ƙafarta, na zaunar da ita a bakin ƙofa, na kuma ce kar ta motsa. Na san Iya, ko ƙasa za ta tsage ba za ta motsa ba.

Ranar nan da duniya ta taru tana ɗaga hannu, ni ban roƙi komai ba. Mutanen unguwarmu sun ba ni saƙon addu'o'i cike da takarda, ko ɗaya ban isar ba. Abin da bakina ke maimaitawa kawai, Allah ka nuna mini ita. Na bi wannan layi na dawo ta wancan. Duk inda na nufi waje a mai da ni ciki. Na shiga rumfar likitoci na bi gado-gado ina leƙa fuskoki, har waɗanda aka rufe na roƙa aka buɗe mini. Suka tambaye ni lambar da ake ɗaura wa alhazai a hannu, na ce ba ta da ita, ba ta da waya, ba ta jin kowane yare sai namu. Mai rubutun ya ajiye alƙalaminsa ya dube ni, ban ga laifinsa ba. Na fito na zagi mai ajans da uwarsa da ubansa, a ranar da aka hana ko musu, na yi istigfari, na sake zaginsa. Gorunan ruwan nan biyu suna hannuna, sun yi zafi kamar shayi, na kasa shan ko ɗaya. Tafiyar da na yi a wannan yini ta fi duk ta sauran kwanakin, kuma ban je ko'ina ba.

Rana ta faɗi ina kallo. Na zauna a ƙasa na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da mahaifina ya rasu. A zuciyata Hajjin Iya ya tafi, abin da ya rage in same ta da rai.

Sai taron ya juya. Duk hanyoyin da aka hana ni bi suka zama na masu fita, jama'a ta ɗauke ni ta fitar da ni ta ƙarƙashin allon. Na manne a gefe ina bin itatuwa ɗaya bayan ɗaya, fitilu sun kama, muryata ta tafi. Ban san layi na nawa ba ne na ji wata mace ta daka mini tsawa.

"Kai mai gora biyu! Kai ne ɗan tsohuwar nan?"

Wata ƙatuwar mace ce cikin lulluɓi irin na Sudan, Hausarta wata iri, kamar ta kakanni. Daga baya ta ce mini kakanta daga ƙasar Damagaram ya taso a ƙafa zai zo nan, ya tsaya a bakin kogi a Sudan, bai ƙaraso ba. A bayanta, jingine da itacen, ga Iya. Leɓunanta sun tsage, idanunta sun faɗa, wata lema a kafe a gefenta. Tana numfashi.

Matar ba ta bar ni na yi magana ba. "Da azahar na wuce ta, na ce ta taso mu shiga, ga iyaka nan, ta ce ɗanta ya ce kar ta motsa. Masu ɗaukar marasa lafiya suka zo, ta riƙe itace. Na ce to faɗa mini sunansa in sa a yi cigiya, ta yi mini shiru. Na bar mata lema da ruwa na shiga. Na fito, ga ta inda na bar ta. Wane irin ɗa ne kai?"

Na durƙusa na ba Iya ruwa, ta sha kaɗan. Da ƙyar muryarta ta fito.

"Na gan ka. Sau biyu ka wuce ta can."

"Kin gan ni? Iya, me ya hana ki kira ni?"

"Na kira. Na ce kai."

Wallahi ban san lokacin da na ɗaga mata murya ba, abin da ban taɓa yi ba. "Iya, duk mutanen nan kowa kai ne! Sunana fa? Ba ki san sunana ba?"

Ta kau da kai. Ta ce, "Bakina bai saba ba."

Matar Sudan ta buge mini kafaɗa. "Bar faɗa, lokaci na tafiya. Ba a koya muku ba? Daren nan ma na Arfa ne, har alfijir ana karɓa. Ɗauke ta ka shigar da ita."

Sai karatun malaminmu ya dawo mini, ya faɗa, ni ne firgici ya mantar da ni. Na juya baya na tsuguna. Iya ta ce a'a, ita ba za a gan ta a bayan wannan ba, a bari ta rarrafa. Matar ba ta saurare ta ba, ta ɗaga ta cak ta ɗora mini. Na warware mayafin haramina muka yi goyo da shi. An ce ba a ƙulla harami, na ce in yanka ne zan yi daga baya. Ina ta kici-kici da ƙyallen, ni tela, sai na ji Iya a kunnena tana cewa, "Ba haka ba. Na sama ta ƙarƙashin hammata." Ko a nan sai da ta gyara mini. Matar ta tafi neman mutanenta, ban ko tambayi sunanta ba.

Muka jira taro ya ɗan yi sauƙi, na bi ta jikin shinge ina saɓa wa masu fita, ana bangaza ta ina ba da haƙuri. Ba ta da nauyi ko kaɗan, abin ya ba ni tsoro. Askarin da ke wurin ya dube ni, ya dubi ƙafafunta da ke reto, ya matsa gefe. Muka wuce ƙarƙashin allon. Filin ya yi fayau, babu komai sai gorunan roba da karyayyun lemomi da silifa warin-wari.

"Nan ne?" in ji ta.

"Nan ne, Iya."

Na ji ta waiwaya tana duban itacen da ta wuni a gindinsa. "Yo ko daga ɗakina zuwa rijiya bai kai ba."

Ba ta iya tsayuwa, saboda haka na fuskanci alƙibla da ita a bayana, ta ɗaga hannuwanta ta saman kafaɗuna. Ta roƙa wa iyayenta, ta roƙa wa mahaifinmu, ta roƙi ruwan shuka. Ta bi ƙannena ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, Habu, Zuwaira, Isuhu, Rabi, har jikoki. Ina jira in ji ta ce "da wannan", don na san nan ne wurina. Na ji ƙirjinta yana bugawa a bayana, na ji ta buɗe baki ta rufe. Sannan a hankali, kamar mai taka ƙaya, ta ce:

"Allah, ga Lawali. Ya kawo ni."

Na riƙe ƙarfen shinge. Ban ce amin ba, na kasa.

Sauran tafiyar a bayana ta yi ta, Muzdalifa, Mina, wurin jifa kwana uku ana zuwa ana dawowa, har wani bawan Allah ya ba mu keken guragu da ƙafarsa ɗaya ta karkace. Ban san Miriya nawa muka yi ba, mai lissafin ta daina. Ƙafafunta sun warke, amma ba ta ƙara zuwa kasuwa a kansu ba.

Ba ta sake faɗar sunan nan ba, ni ma ban taɓa tayar da maganar ba. Har yau in na je Guna na yi sallama, daga cikin ɗaki za ta ce, "Kai ne?" In ce, "Ni ne, Iya."